Awa Ɗaya Gaban Farar Gurasa: Me 'Yan Katolika Ke Durƙusa Wa?

Wata ranar Alhamis cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke sa kwalta ta yi laushi, mashin ɗin abokin aikina ya ƙi tashi a bakin makaranta. Bahaushe ne ɗan ƙasar Malumfashi, Kirista ɗan ɗarikar Katolika, shekara shida muna koyarwa tare. Ya roƙe ni in sauke shi a coci. A hanya na ce masa, "Malam, yau fa Alhamis ce." Ya ce ai ba Mas, wato babbar ibadarsu, za a yi ba, adoreshan ne, zaman sujada gaban gurasar da aka tsarkake, awa ɗaya kacal. Tunda unguwarmu ɗaya na ce zan jira shi. Na yi La'asar a wani masallaci da ke kusa, na dawo na zauna a inuwar dogonyaro.

Ni dai abin da na sani game da coci a ƙasar nan ganga ce da jita da lasifika. Amma na kai minti ashirin a zaune ban ji ko tari ba, har na ɗauka an fasa. Sai na tashi na leƙa daga bakin ƙofa. Mutanen ba su kai talatin ba. Ga wata tsohuwa cikin zanen Zumuntar Mata, ga ɗan sanda ya ajiye hularsa a kan benci, ga wata ma'aikaciyar jinya ko farin kayanta ba ta cire ba. Wasu a durƙushe, wasu a zaune, babu abin da ke motsi sai fanka. Idon kowa na kan bagadi, inda aka kafa wani abu mai ruwan zinariya, ƙirarsa kamar rana ta baza haskenta, tsakiyarsa gilashi. A cikin gilashin akwai wani farin abu mai zagaye, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba.

Da ya fito na tare shi da Sakkwatancina: "Wai Malam, mi kuka kallo cikin wanga abu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba 'mi' za ka ce ba. 'Wa' za ka ce."

Na daɗe ina juya wannan amsa, na kuma yi karatu a kanta, sai na gane cewa duk maganar tana cikinta.

Farin abin nan, a Hausar coci, gurasa ake ce masa, amma kada Bakano ya kawo bandashe a ransa. Garin alkama ne da ruwa, babu yisti, babu gishiri, an gasa shi siriri kamar takarda. Dokar cocin ta ce sai alkama; gero ko dawa ba su yi, ko da yake an daɗe wasu malaman Kirista na Afirka suna tambayar dalilin da zai sa manomin gero ya nemo alkama kafin ya yi ibada. A lokacin Mas, Fada yakan ɗauki wannan gurasa da ƙoƙon ruwan inabi, ya maimaita kalmomin da Linjila ta ce Yesu ya faɗa a jibinsa na ƙarshe da almajiransa: wannan jikina ne, wannan jinina ne. Abin da Katolika suka yi imani da shi shi ne, daga wannan lokaci abin da ke kan bagadi ya tashi daga gurasa, ya zama Almasihu kansa, da jikinsa da jininsa da ransa da allahntakarsa. Suna kiransa Yukarist, kalmar Girkanci da asalinta ke nufin godiya. Kuma ba a lokacin Mas kaɗai yake haka ba. Muddin siffar gurasar tana nan, shi ma yana nan, ko an watse an kulle coci. Shi ya sa ake ajiye ragowar a wani ɗan akwati mai makulli da ake kira tabanakul, a kunna 'yar fitila kusa da shi dare da rana, kuma duk Bakatoliken da ya gitta ta gabansa sai ya kai gwiwa ƙasa.

To, ido dai gurasa yake gani. Harshe gurasa yake ɗanɗana. Idan aka kai ta ɗakin gwaji, alkama za a samu, kuma cocin ba ta musun haka. Yaya ke nan?

A nan ne wanda ya zauna a zaure ya karanta tauhidi zai fi ɗan boko saurin gane inda aka dosa. Duk wanda ya bi Ummul Barahin ta Shehu Sanusi gaban malami ya san an raba halitta gida biyu: akwai jirmi, wato abin da ke tsaye ya cike wuri, akwai kuma aradi, wato abin da ke ɗaruwa a kansa, kamar launi da ɗanɗano da motsi da zafi. Malaman Katolika na tsakiyar zamani da irin wannan ma'auni suka yi aiki, domin rijiya ɗaya aka sha. Falsafar Aristotil ce, kuma babban malaminsu Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya karanci Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, yana yawan ambatonsu. Bayaninsa shi ne: zatin gurasar ne ya sauya ya koma zatin jikin Almasihu, amma aradinta, fari da zagaye da nauyi da ɗanɗano, yana nan yadda yake. Sauyin zati, in ji su. Sai dai ɗalibin zaure zai ɗaga hannu nan take, domin cikin ƙa'idojin da ya haddace akwai cewa aradi ba ya tsayuwa da kansa, dole sai da abin da zai ɗauke shi. Idan zatin gurasa ya tafi, farin nan na wane ne? Akwinas ya san da wannan tambaya sarai. Amsarsa ita ce, ikon Allah ne ke riƙe da aradin ba tare da maɗauki ba, mu'ujiza ce da ba ta da ta biyu. Wato bai ce hankali ya tabbatar da abin ba. Iyakar abin da ya yi ƙoƙarin nunawa shi ne hankali bai isa ya ce ba zai yiwu ba. Hujjar da ya tsaya a kanta ji ce: an faɗa, ya gaskata mai faɗa. Waƙar Latin da ake rerawa a ƙarshen wannan ibada har yau, Tantum Ergo, shi ya rubuta ta, kuma a cikinta akwai baitin da ke cewa imani ya cike gurbin da gaɓoɓin ji da gani suka kasa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, wannan zama gaban gurasa bai zo tare da farkon Kiristanci ba. Ajiyar ce ta riga shi, kuma dalilinta marasa lafiya ne. Wajen shekara ta 150 wani marubuci Kirista mai suna Jastin ya bayyana yadda ake kai wa waɗanda ba su sami halarta ba rabonsu har gida. Taron bishop-bishop na Nikiya a 325 ya ce kada a hana wanda ke bakin mutuwa wannan guzuri. Tunda mutuwa ba ta jiran Lahadi, dole a ajiye wani abu. Kusan shekara dubu ana ajiyewa da girmamawa, amma ba a san al'adar fito da shi a zauna ana kallo ba.

Gardama ce ta haifi sauran. A ƙarni na 11 wani malami a garin Tur na Faransa, Berengar, ya yi musun cewa gurasar na sauyawa a haƙiƙa. Aka kira shi Roma, aka sa shi janye maganarsa a 1059, aka sake a 1079. Kowa ya san halin ɗan Adam: abin da aka taɓa maka shi kake ƙara rungumewa. Wajen 1200 aka fara ɗaga gurasar sama a tsakiyar Mas domin jama'a su gani. A daidai wannan zamani kuma talakawa sun ja baya daga karɓa, saboda tsoron rashin cancanta, har sai da babban taron Lateran na 1215 ya wajabta wa kowa karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutanen da ba su ci ba sai suka koma ci da ido. Wata mai zaman zuhudu a Liyej ta ƙasar Beljiyam ta yau, Juliyana, ta dage sai an ware wa wannan sakramenti, wato Yukarist, idinsa. Aka fara a garin a 1246, Paparoma Urban na Huɗu ya faɗaɗa shi ga cocin baki ɗaya a 1264. Idi ya kawo zagayen gari, zagaye ya buƙaci abin ɗauka da za a riƙa gani ta cikinsa, sai maƙera suka ƙera abin nan mai siffar rana da na hango. Sunansa monstrans, daga kalmar Latin mai nufin nunawa.

Wani abu da bai kamata Basakkwace ya wuce shi ba: Akwinas ɗan Dominikan ne, wata ƙungiyar limaman Katolika masu wa'azi, kuma limaman Dominikan daga Amurka aka danƙa wa ƙasar Sakkwato lokacin da Roma ta yanke ta a matsayin yankin mishan a 1953. Ta zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1964, bishop ɗinta na farko Edward Lawton, Dominikan ne, haka ma Michael Dempsey da ya gaje shi. Daga nan Kevin Aje, sai Matthew Hassan Kukah tun 2011. A 2023 aka cire Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta ƙarƙashin Gerald Musa, mutumin Malumfashi, abin da abokina ba ya gajiya da tuna mini. Ke nan waƙar da na jiyo ta taga a ƙarshen awar nan, 'yan gidan mawallafinta ne suka kafa dayosis ɗin da ake rera ta.

Kada mai karatu ya ɗauka duk Kirista ya yarda da wannan. Maƙwabcinka ɗan ECWA ko Baptis yana yin abin da yake kira Jibin Ubangiji, amma a wurinsa tunawa ce, gurasa tana nan gurasarta. Idan Bakatolike ya kawo masa Yohanna sura 6, inda aka ce namana abinci ne na gaske, aka kuma ce almajirai da yawa sun ja da baya saboda nauyin maganar, shi kuma sai ya nuna aya ta 63 a surar, wadda ke cewa Ruhu ne ke rayarwa, nama ba ya amfana kome. Rigimar ta yi zafi ƙwarai a ƙarni na 16. Ƙa'idojin imani 39 na cocin Ingila sun ce Almasihu bai yi umarni a ajiye sakramentin ba, ko a zagaya da shi, ko a ɗaga shi, ko a yi masa sujada. Littafin koyarwar Furotesta na Haidelbag a Jamus, na 1563, ya fi haka kaushi, bautar gumaka ya kira Mas kai tsaye. Katolika kuwa sun riga sun yanke hukuncinsu a taron Tirent tun 1551: sujadar da ake yi wa Allah shi kaɗai, ita ce ta dace da wannan sakramenti. Kiristocin Otodoks na Girka da Rasha da Habasha kuwa sun yarda jiki ne da jini na gaske, amma ba su da al'adar fito da shi a zauna gabansa.

Hukuncin Tirent ɗin nan shi ne ya sa ban yarda da wani saukin baki da ake yi a tarukan fahimtar juna ba, inda za ka ji mai kyakkyawar niyya ya ce ai kamar zikiri ne, ko kamar i'itikafi, ko kuma ai gurasar alƙibla ce kawai irin yadda muke fuskantar Ka'aba. A zahiri akwai kama: shiru, natsuwa, barin harkar duniya a bakin ƙofa. Amma Musulmin da ya fuskanci Ka'aba ya san gini ne, Ubangijin ginin yake bauta wa. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya zo sumbatar Hajarul Aswad cewa ya yi ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbace shi ba da bai yi ba. Bakatolike ba zai iya faɗin irin wannan magana ga abin da ke cikin gilashin nan ba. Ranar da ya ce "na san ke gurasa ce", ya fita daga koyarwar cocinsa. Malamansu sun bambanta darajoji: girmamawar da ake yi wa waliyyai daban, ta Maryamu ta ɗara wannan, amma dukansu ba sujada ba ne. Sujada ta Allah ce, kuma ita suke yi a nan da gangan, da saninsu. Ni Musulmi ne. Aƙidata ita ce Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, saboda haka tun daga tushe muka rabu. Da na faɗa wa abokina haka bai ji haushi ba. Cewa ya yi, "Ai Malam, in da gurasa ce kawai, da ni ma na ce shirka muke yi." Na fi ganin mutuncin wannan amsa a kan a shafa wa juna mai a baki. Mutum biyu da suka san takamaiman inda suka saɓa sun fi iya zama lafiya a kan waɗanda aka ce musu duk ɗaya ne, ranar da suka gano ba haka ba ne kowa ya ga an yaudare shi.

Ita kanta cocin ta san abin na iya zamewa. Bayan babban taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, an yi ta jaddada cewa an ba da gurasar ne domin a ci, kallo biyo baya ya yi. Dokokin da Roma ta fitar a 1973 sun maimaita cewa dalilin farko na ajiya shi ne guzurin mai jinya. Ba a fito da sakramentin a bar shi babu kowa, ba a kuma yin Mas a wuri ɗaya alhali yana kafe a kan bagadi. Wasu malamansu a shekarun nan har sun so a rage al'adar, suna ganin ragowar tsakiyar zamani ce. Paparoma John Paul na Biyu ne ya sake hura mata wuta, musamman a wasiƙarsa ta 2003, Benedict na 16 ya bi sahu. Wanda ya kalli talabijin ranar 27 ga Maris 2020, lokacin kullen korona, zai tuna Paparoma Francis shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin cocin Bitrus, ya ɗaga irin abin nan mai siffar rana ya sa wa fili wayam albarka.

Me ya sa awa ɗaya? Daga Matiyu 26:40 aka ɗauko. A lambun Getsamani, daren da za a kama shi a ruwayar Linjila, Yesu ya tarar da almajiransa suna barci, ya ce wa Bitrus, ashe ba ku iya tsaro tare da ni ko na sa'a ɗaya ba? Daren Alhamis ne, shi ya sa aka fi son Alhamis. Akwai masu yin awa 40 a jere, al'adar da ta taso a Milan ta Italiya a shekarun 1530. Akwai kuma wuraren da ba a tashi sam, ana karɓa-karɓa. A cocin Sakre Kur da ke kan tudun Monmart a Paris tun 1885 ake yi dare da rana.

A Najeriya abin ya ɗauki kamannin gida. Idin da Juliyana ta nema yana faɗowa a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, tsakiyar damina a kudu, sai aka mayar da zagayen gari zuwa idin Kristi Sarki a ƙarshen Nuwamba. A Sakkwato lokacin hunturu ya fara leƙowa ke nan. A kudu maso gabas kuwa kalmar adoreshan ta koma sunan manyan filayen addu'a na kwana, da kiɗa da neman waraka da faɗin abin da zai faru. Wanda ya fi suna shi ne na Fada Ejike Mbaka a Inugu, wanda bishop ɗinsa ya hana Katolika zuwa na wani lokaci a 2022 bayan kalamansa na siyasa. A ganina, inda aka mayar da monstrans abin kaɗa wa jama'a domin aljani ya fita ko kasuwa ta buɗe, an matsa kusa da laya, kuma wannan ciwo ba na coci kaɗai ba ne. Mu ma mun san masu mayar da ayar Alƙur'ani hajar sayarwa. Abin da na gani ta bakin ƙofar nan bai yi kama da haka ba. Babu wanda ya yi wa kowa alkawarin kome.

Ƙarshen awar na gani da idona. Fada ya fito, aka rera waƙar Latin ɗin, ya durƙusa ya kaɗa kaskon turare. Wani yaro ya yafa masa dogon mayafi a kafaɗa, ya naɗe hannuwansa a cikin bakin mayafin kafin ya ɗauki monstrans. Na tambayi dalili daga baya, aka ce don a nuna ba Fada ne ke sa albarka ba, hannunsa ma a ɓoye yake. Ya juyo ya zana alamar gicciye a kan jama'a ba tare da ya furta kalma ko ɗaya ba, yaron na kaɗa 'yar ƙararrawa. Aka mayar da gurasar cikin akwati aka kulle. Ɗan sandan ya ɗauki hularsa.

A mota na tambayi abokina abin da yake faɗa tsawon awa guda. Ya ce wani lokaci yana jan carbinsu, wani lokaci ya karanta Zabura, amma galibi babu. Ya ba ni labarin da suke yawan bayarwa, na wani manomi a ƙauyen Ars na Faransa da limamin garin, Jan Biyane, ya tambaya me yake yi a coci kullum a zaune, ya ce ina kallonsa, yana kallona. Na ce to kai fa? Ya ce shi bai kai nan ba. Minti goma na farko lissafin kuɗin makarantar yara yake yi, na biyu ya tuna takardun jarrabawar da bai duba ba, kuma a irin wannan zafi ya sha yin gyangyaɗi har goshinsa ya bugi bencin gaba. Na ce ashe Bitrus ya bar magada. Ya ce, "Kai ma Malam, rannan na ji kana ba da labarin wanda ya yi minshari a sahun Tahajjud." Muna kaiwa kwanar unguwa aka kira Magariba, ya ce in tsaya a masallaci kada in rasa jam'i, shi zai ƙarasa da ƙafa.